Alƙaluma Nawa Za Ka Rantse a Kansu?

Ranar da na fara kai wa malamina sakamakon bincikena na digiri na biyu, da taƙama na shiga ofishinsa. Wata uku na shafe ina fama da wani lissafi a kan yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake tafiya a tsakanin wasu rijiyoyi, sai a daren da ya gabata kwamfuta ta ba ni amsa. Na buga ta a takarda, dogon jerin lambobi, kowace lamba da alƙalumanta 16 reras. Malam ya gyara zaman tabarau, ya bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa, ya komo kan lamba ta farko ya tsaya.

Ya ce, "A cikin alƙaluman nan, guda nawa za ka iya rantsuwa a kansu?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai kwamfuta ce ta fitar da su."

Ya ce, "Kwamfuta ba ta rantsuwa. Kai nake tambaya."

Na rasa abin cewa. Na naɗe takardata na fita, kuma sai da na yi mako biyu kafin na koma masa da amsa: ɗaya. A cikin alƙaluma 16 da na jera, na farko kaɗai zan iya dafa ƙirji in ce haka yake. Sauran 15 ɗin kwalliya ce kawai, kuma kwalliya mai haɗari, domin duk wanda ya gan su zai ɗauka na san abin da ban sani ba.

Tun daga ranar wata tambaya ta zauna mini a rai, wadda ta zarce lissafi. An tarbiyyantar da mu a kan cewa gaskiya ɗaya ce, kuma mai tauye mudu yana cikin waɗanda addini ya yi wa kashedi mai tsanani. Ni kuwa sana'ar da na zaɓa, wato warware lissafin aljabra da na'ura, kullum amsar da take bayarwa da ɗan giɓi a cikinta, kuma mun san da giɓin tun kafin mu miƙa ta. Shin mutumin da ya ba da amsar da ya san ba ta cika ba, mai gaskiya ne ko maƙaryaci? In mai gaskiya ne, to daga ina ƙarya take farawa?

Kafin in shiga tambayar, ya kamata in faɗi abin da aikin ya ƙunsa. Asalinsa tsohon lissafin kasuwa ne. An san jimillar kuɗin wasu sayayya, ana neman farashin kowane kaya. An san abin da ya bayyana, ana neman adadin da ya ɓuya a bayansa. Hanyar warwarewa ita ce a riƙa zare ɓoyayyun adadin ɗaya bayan ɗaya har a rage saura ɗaya, sannan a biyo baya a gano sauran. Masana lissafi na ƙasar Sin sun rubuta wannan hanya kusan shekara 2,000 da suka wuce, a babi na takwas na littafinsu mai babi tara, kuma misalinsu na farko a kan damman hatsi ne masu daraja uku. Daga baya aka laƙaba wa hanyar sunan Carl Friedrich Gauss, Bajamushe. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne yawa. Hasashen yanayi, da auna ƙarfin gada kafin a gina ta, da hoton cikin jikin majiyyaci a asibiti, duk a ƙarshe suna komawa ga irin wannan lissafi, sai dai ɓoyayyun adadin sukan kai dubbai ko miliyoyi. Jimloli 1,000 kacal suna buƙatar tarawa da ninkawa kusan miliyan 670. Ba mahaluƙin da zai yi wannan da hannu.

Na'urar da muke miƙa wa aikin kuwa tana da iyaka. Kowa ya san in aka raba 1 gida 3, alƙalamin 3 zai yi ta maimaituwa bayan ɗigo ba ƙarshe, dole mai rubutu ya datse a wani wuri. Kwamfuta da alƙaluma biyu kawai take ƙirga, 0 da 1, kuma a wannan tsari hatta kashi ɗaya cikin goma ba shi da ƙarshe. Shi ya sa in ka sa ta tara 0.1 da 0.2, abin da take riƙewa a cikinta shi ne 0.30000000000000004. Ƙa'idar da aka amince da ita a 1985, wadda William Kahan ya yi jagaba wajen tsara ta, ta ba kowace lamba wurin zaman alƙaluma kusan 16. Duk abin da ya wuce nan zubar da shi ake yi. Ma'ana, kusan kowace tarawa da kowace ninkawa tana yar da ɗan ɓurɓushi, kuma ana yin su sau miliyoyi. Ina ɓurɓushin yake taruwa?

Wannan tambaya ta tsorata manyan masana a lokacin da ake haɗa kwamfutocin farko. A 1943 wani masanin ƙididdiga Ba'amurke, Harold Hotelling, ya yi lissafin da ya nuna cewa kowace jimla da aka ƙara tana iya ninka kuskuren har sau huɗu. In haka ne, kafin a kai jimla ta 30 ba abin da zai rage a amsar sai shirme. John von Neumann da Herman Goldstine sun yi dogon nazari a kan matsalar a 1947, Alan Turing ya yi nasa a 1948. A cibiyar binciken kimiyya ta ƙasar Ingila da ke Teddington, Turing da abokan aikinsa uku, ciki har da wani matashi mai suna James Wilkinson, sun taɓa zama da na'urorin lissafi na tebur suka warware jimloli 18, suna jiran su ga ɓarnar da aka yi hasashe. Ɓarnar ba ta zo ba. Hanyar ta yi aiki fiye da yadda nazari ya ce za ta yi, kuma ba wanda ya iya faɗin dalili filla-filla.

Wilkinson ne ya fi kowa warware wannan ƙulli, a rubuce-rubucensa na farkon shekarun 1960, kuma ya yi haka ne ta hanyar juya tambayar. Kowa yana tambayar, yaya nisan amsata da amsa ta gaskiya? Shi kuwa ya tambaya, amsar nan da na samu, wace tambaya ce ta amsa daidai ba kuskure? Sai ya nuna cewa in an bi hanyar da kula, amsar da na'ura ta bayar cikakkiyar amsa ce ga wata tambaya da ke maƙwabtaka da wadda aka yi mata, bambancinsu bai wuce can ƙarshen alƙaluma ba. Maimakon a bi ɓurɓushi gaba a ga inda zai taru, sai a mayar da shi baya a ɗora shi a kan bayanan da aka shigar tun farko.

Misalin da ya fahimtar da ni wannan shi ne na tela. Ka je ɗinkin riga, ya auna kafaɗarka da tef. Tef ɗin kansa ba ya ganin abin da ya gaza rabin santimita, kuma kai ma numfashinka yana ɗaga kafaɗar yana sauke ta. In rigar da ya ɗinka ta dace cif da mutumin da kafaɗarsa ta bambanta da taka da kaurin zare ɗaya, wane laifi za ka ɗora masa? Kuskurensa ya ɓace a cikin kuskuren awo. Haka abin yake a lissafina na rijiyoyi. Zurfin ruwan da aka ba ni da igiyar awo aka auna shi, zuwa santimita mafi kusa, wato alƙaluma huɗu ne kawai suke da tushe. Ɓurɓushin kwamfuta yana can a alƙalami na 13 ko na 14. Na'urar ba ta zalunce ni ba ko kaɗan.

Da na fahimci wannan sai na ji sanyi a raina, domin na ga kamar an wanke sana'ata, har ma an wanke ɗan Adam. Alƙali ba ya hukunci a kan abin da ya faru, a kan abin da shaidu suka kawo gabansa yake yi. Likita yana maganin ciwon da majiyyaci ya iya kwatanta masa da wanda gwaji ya nuna. Ba wanda ake miƙa wa tambaya tsarkakakkiya. In mutum ya amsa abin da aka ba shi da iyakar kulawa, bai ƙara gurɓata shi da sakacinsa ba, ya sauke amana. Kuma amsa ta kusa tana da amfani na gaske. A ranar 1 ga Janairu 1801 Giuseppe Piazzi ya hango wata ƙaramar duniya da aka sa wa suna Ceres, ya bi ta kwana 40 da 'yan kai, sannan hasken rana ya ɓoye ta. Gauss, yana ɗan shekara 24, ya ɗauki waɗannan 'yan awo masu kurakurai ya lissafa inda za ta ɓullo, kuma a watan Disamba na shekarar aka same ta kusa ƙwarai da inda ya nuna. Da ya ce ba zai yi magana ba sai ya sami cikakken yaƙini, da ba a san ina za a juya madubin hangen nesa ba.

Sai dai sanyin nan bai daɗe ba. In na'ura ba ta yi laifi ba, kuma awon yana da alƙaluma huɗu masu tushe, me ya sa ɗaya kawai ya tsira a amsata? Ina ukun suka tafi?

Ga misali daga kasuwar hatsi. Wani ya sayi mudu 100 na gero da mudu 100 na dawa a kan naira 200,000. Washegari ya sayi mudu 100 na gero da mudu 101 na dawa a kan naira 201,000. Nawa ne mudun kowanne? Bambancin sayayyar biyu mudu ɗaya ne na dawa, bambancin kuɗin naira 1,000, saboda haka dawa 1,000 ce, gero ma 1,000. Yanzu a ce mai rubuta rasit ya yi ɗan kuskure, ya rubuta 202,000 a maimakon 201,000. Kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Amma lissafi zai ce mudun dawa 2,000 ne, gero kuwa kyauta aka ba shi. Lissafin daidai yake, ba inda aka yi tuntuɓe, amsar kuwa wauta ce. Da a ce sayayya ta biyu mudu 100 na gero ce da mudu 300 na dawa, irin wannan kuskure na naira 1,000 ba zai motsa farashin ba sai da naira 5 kacal: dawa 1,005, gero 995.

Bambancin yana cikin tambayar kanta. Sayayya biyun farko kusan abu ɗaya suke faɗa, kamar shaidu biyu da suka tsaya a wuri ɗaya suka leƙa ta kafa ɗaya. Na biyun bai ƙara wa na farkon komai ba sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma a kan wannan ɗan abin aka ɗora dukkan hukunci. Irin wannan tambaya ni nakan kira ta mai santsi: ka ɗan goce kaɗan, ka tsinci kanka a nesa. Turing ne ya raɗa wa ma'aunin wannan santsi suna a takardarsa ta 1948. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ma'aunin ya kai 1,000, ana iya asarar alƙaluma uku, in ya kai miliyan, shida. Rijiyoyina sun yi kusa da juna, zurfin ruwansu kusan ɗaya, ma'aunin santsin ya kai wajen 1,000. Huɗu a debe uku, saura ɗaya.

Wilkinson da kansa ya gamu da santsi mafi muni. Ya ɗauki wata jimlar aljabra wadda amsoshinta su ne lambobi daga 1 zuwa 20, abin da ake gani kamar wasan yara. Ya taɓa ɗaya daga cikin lambobin da suka gina ta, wato 210, da abin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba. Amsar da take 20 ta koma kusan 20.8, goma daga cikin amsoshin kuma suka fice gaba ɗaya daga layin lambobin da muke ƙirga da su. Ya bayyana daga baya cewa ba abin da ya taɓa girgiza shi a aikinsa kamar wannan. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A nan ne na gane cewa uzurin da ya sanyaya mini rai yana iya zama maɓoya. Kuskuren ƙarshe abu biyu ne suke haifar da shi: ingancin hanyata, wanda yake hannuna, da santsin tambayar, wanda ba ni na halitta shi ba. Ina iya tsayawa in ce nawa ɓangaren tsaf yake, na amsa tambaya maƙwabciya daidai, sauran ba ruwana. Maganar gaskiya ce, amma wanda ya zo wurina ba amsar maƙwabciyar tambaya yake so ba, tasa yake so, kuma a kanta zai kashe kuɗi ko ya ɗora rayukan mutane. Shi bai san akwai santsi ba. Ni na sani, ko kuwa ina da hanyar sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in ya saukar da baƙo ya shimfiɗa masa tabarma a daidai wurin bai ce komai ba, ba zai kare kansa da cewa ba shi ya yi ruwan sama ba.

Abin da ya faru a Dahran ta ƙasar Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha ya nuna nauyin wannan shiru. Na'urar kakkaɓo makamai masu linzami ta sojojin Amurka, mai suna Patriot, tana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin goma na sakan, kuma an datse wannan adadi a gurbi 24. Giɓin kowace ƙirga bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na sakan ba. Amma na'urar da ke Dahran ta yi kusan awa 100 a kunne, wato ƙirga miliyan 3.6, giɓin ya taru ya kai sakan 0.34. Makamin Scud yana cin fiye da rabin kilomita a wannan ɗan lokaci. A daren 25 ga Fabrairu 1991 na'urar ta nemi makamin a inda ba ya nan, ta ƙyale shi ya wuce, ya faɗa kan masaukin sojoji ya kashe mutum 28.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne an san da matsalar. Makonni biyu kafin ranar, sojojin Isra'ila sun ba da rahoton cewa na'urar tana gocewa bayan awa 8 a kunne. An aika wa masu aiki da ita saƙo cewa barin ta a kunne na dogon lokaci ƙwarai yana iya kawo matsala, amma saƙon bai faɗi awa nawa ne dogon lokaci ba. Gyararren shirin ya iso Dahran a ranar 26 ga Fabrairu, kwana ɗaya bayan an mutu. An yi gargaɗi, ba a yi ƙarya ba, amma gargaɗin ba shi da awo, kuma gargaɗin da ba shi da awo kowa yakan fassara shi daidai da abin da ya fi masa sauƙi.

Akwai kuma wani darasi a kan inda ɓurɓushi yake faɗawa. A Janairu 1982 kasuwar hannun jari ta Vancouver a ƙasar Kanada ta buɗe sabon ma'aunin farashi a kan 1,000. Duk lokacin da aka sake lissafa shi, sau dubbai a yini, sai a guntule abin da ya wuce alƙalami na uku bayan ɗigo, a maimakon a kai shi ga adadi mafi kusa. Kai wa mafi kusa wani lokaci yakan ƙara, wani lokaci ya rage, sai kurakuran su cinye juna. Guntulewa kuwa kullum ragi ne. Zuwa Nuwamba 1983 ma'aunin yana nuna 524.811, da aka sake lissafi da kyau sai aka ga 1,098.892 ne. Mai awon hatsi a kasuwarmu ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Ya san mudu ba ya cika daidai sau biyu a jere, shi ya sa mai tsoron Allah yakan yi masa tozo, ya kuma ƙara gyara, don in za a yi kuskure ya faɗa ta wajen mai saye. Wanda kuskurensa kullum aljihunsa yake faɗawa, ko da ƙwaya goma-goma ne, ya daina kuskure ya koma tauyewa.

To amma akwai mai ja da wannan magana, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Zai ce mutane lamba ɗaya suke so. Shugaban da zai sa hannu a kan kwangila ba shi da lokacin "tsakanin kaza da kaza". In ka cika faɗin shakkarka, za a bar ka a tafi wurin wanda ya fi ka ƙarfin murya ko da ya fi ka jahilci, sai ka zama ka tsare mutuncinka amma ka bar jama'a a hannun maras sani. Na san ƙarfin wannan hujja domin ta taɓa kayar da ni. Bayan na gama karatu, wani injiniya ya nemi in taya shi lissafin yawan ruwan da wata rijiyar burtsatse za ta iya bayarwa. Na rubuta adadin, na ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa yana iya gazawa ko ya zarce da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya karanta ya ce, "Malam, cire mana layin nan. In suka gani za su ce ba mu san aikinmu ba." Ya girme ni, aikin nasa ne, kuma ina bukatar kuɗin. Na cire.

An haƙa rijiyar, ta ba da ruwa, ba wanda ya dawo da ƙorafi. Na daɗe ina so in ɗauki wannan a matsayin wankewa, amma zuciyata ta ƙi. Abin da na sani a ranar da na sa hannu shi ne adadi tare da shakkarsa, abin da na miƙa kuwa adadi ne tsirara. Waɗanda suka karanta sun yanke shawara a kan yaƙinin da ba ni da shi, kuma da sun ga layin wataƙila da sun tanadi wata dabara ko sun nemi a ƙara awo. Na ƙwace musu wannan zaɓi. Dacewar da aka yi daga Allah ce, ba ta mayar da abin da na yi gaskiya ba. A rahoton nan ba lamba ɗaya ta ƙarya, duk da haka na yi ƙarya, kuma da abin da na goge na yi ta.

Sai dai dole in yi wa mai jayayyar adalci ta wani gefen. Akwai tawali'un da shi ma gudun nauyi ne. Da na rubuta cewa rijiyar tana iya ba da ruwa mai yawa, tana iya ba da kaɗan, tana iya ƙafewa, da ba wanda zai taɓa kama ni da kuskure, kuma da ban amfani kowa da komai ba. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga cikinsu. Mukan ba da labarin don yabon "ban sani ba", mu manta cewa ya amsa 16, kuma darajar labarin tana cikin cewa ya san waɗanne ne 16 ɗin. Raba abin da ka sani da abin da ba ka sani ba aiki ne mai wuya, sau da yawa ya fi samo amsar kanta wuya. Ni wata uku na yi ina neman amsa, na ƙara mako biyu ina neman iyakarta, kuma a mako biyun nan ne na fara zama mai lissafi. Faɗaɗa shakka fiye da yadda take, don kare kai, tauye mudu ne shi ma, sai dai ilimi ake tauyewa a nan.

Saboda haka ga inda na tsaya. Amsar da ba ta cika ba ba ƙarya ba ce, domin ba a ba ɗan Adam wata irin amsa ba bayan ita. Ƙarya tana farawa ne daga lokacin da mutum ya bar mai sauraronsa ya ɗauka ya fi sanin abin da ya sani. Abin da ke wuyan mai ba da amsa shi ne ya tsaftace hanyarsa don kada ya ƙara wa tambaya datti, ya auna santsinta, sannan ya faɗi awon a fili da lamba, ba da "wataƙila" ba, kuma ya lura kada kuskurensa ya riƙa karkata kullum zuwa inda yake so. Sana'ar tamu ita ma ba ta tsira daga wannan hukunci ba. Hanyar zare adadi da ake amfani da ita ko'ina a duniya, an san akwai wasu jimloli da aka ƙirƙira musamman waɗanda kuskure yake ninkuwa a cikinsu kusan yadda aka ji tsoro tun farko. A aikace kusan ba a gamuwa da su, kuma har yanzu ba a gama bayyana dalili ba. Littattafan fannin masu kyau suna faɗin haka ƙarara, kuma wannan yana cikin abin da ya sa na amince da su.

Ba masu lissafi kaɗai tambayar Malam ta shafa ba. Mai ba da shaida a kotu wanda ya hango abu da magariba daga nesa, da mai kawo labarin abin da wane ya ce a bayan idon wane, da mai nuna wa iyaye halin wanda ya zo neman auren 'yarsu alhali sau biyu kawai ya taɓa zama da shi, duk suna miƙa alƙaluma 16 ne a inda suke da ɗaya ko biyu. Ba lalle su ƙirƙiri komai ba. Ya isa su yi magana da murya ɗaya a kan abin da suka gani da abin da suka cike da zato, sai mai sauraro ya kasa gane inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara.

Yanzu ni ma ina da ɗalibai, kuma sukan shigo mini da takardu cike da lambobi, fuskarsu tana walƙiya kamar yadda tawa ta yi. Nakan yi musu tambayar da aka yi mini, su ma su ce kwamfuta ce ta fitar. Abin da na ƙara a kan na Malam shi ne nakan ba su labarin layin da na goge, domin na lura cewa koyon auna kuskure ba ya ɗaukar ɗalibi mai ƙwazo fiye da zango ɗaya. Abin da ban san yadda ake koyar da shi ba shi ne yadda mutum zai bar layin a wurinsa ranar da wanda ya girme shi, kuma yake biyansa, ya ce a cire.